Babi na Shida: Furen da Aka Raba da Ruwa

A ƙauyukan da ke kewaye da birnin Madurai, a kudancin Indiya, ba a jiran fitowar rana kafin a shiga gonar yasmin. Tun da sauran duhu ake bin layin shuka, wasu da tocila ɗaure a goshi, ana tsinkar furen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga ya buɗe ba a ta tasa. Wanda ake nema shi ne wanda ya yi fari ya cika, amma bakinsa na rufe gam, wato wanda idan an bar shi a jikin uwarsa daren ranar zai buɗe. Kafin hantsi ya yi an zuba shi a buhu an nufi kasuwar furanni ta Mattuthavani, inda ake auna shi a sikeli, farashi na hawa da sauka gwargwadon ko lokacin bukukuwa ne ko a'a.

Daga kasuwa sai hannun masu kitsa shi. Mace za ta zauna da tulin furen a gabanta da zare, na auduga ko zaren jikin ayaba, ba allura. Ta ɗauki biyu ta haɗa gindinsu, ta naɗe da zaren ta ƙulle, ta sake ɗaukar biyu, yatsu na gudu ido na kan mai wucewa. Idan mai saye ya zo, da hannu za ta auna masa, kamu guda daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ta tsinke, ta yayyafa ruwa kaɗan, ta ƙunshe a ganyen ayaba. Matar da aka kai wa ta maƙala a gashinta da la'asar sakaliya. Tsakanin magariba da isha furen zai fara buɗewa a kanta, ƙamshi ya cika ɗaki. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya sha ganin wannan farin zaren fure a kan jarumai mata, sai dai fim ba ya nuna cewa an tsinko shi ne tun asuba da lissafin sa'ar da zai buɗe. Yasmin ɗin Madurai ya yi sunan da a 2013 hukuma ta yi masa rajistar da ta hana a sayar da na wani wuri da sunansa, kuma har Dubai da Singafo ake kai shi a jirgi cikin akwatuna masu ƙanƙara.

Mutanen Tunisiya ma haka suke yi da nasu. A garuruwa irin su Hammamet da Sidi Bou Said, ana tsinkar yasmin a rufe, a soka kowanne a tsinken ciyawa, a tara su a ɗaure da jan zare, maza su saya da yamma su maƙala a bayan kunne. A Jazan, kudancin Saudiyya, da irin wannan furen ake yi wa amarya sarƙa da adon kai. Duka wurare ne masu zafi, kuma duka sun daɗe da wannan sana'a kafin a san firji. Ba wata dabara suka gano ta hana fure mutuwa ba. Lokaci suka iya: sun san sa'ar da furen zai kai ƙarshen kyaunsa, sai suka shirya komai yadda sa'ar za ta faɗo a kan lokacin taro. Duk sauran abin da za a faɗa a wannan babi, na sanyi da danshi da sinadari, hidima yake yi wa wannan lissafi.

Dalilin da ya sa furen sakawa ya fi kowane wahala a bayyane yake. Wanda ke cikin kwalba a kan tebur an raba shi da saiwa, amma gindinsa na cikin ruwa. Wanda ke ƙirjin ango ko a wuyan hannun ƙawar amarya an raba shi da duka biyun. Ruwan da ya sha kafin a ɗaure shi, shi ne guzurinsa har a tashi taro, kuma iska na zuƙe shi ta ganye da ta jikin furen ba tsayawa. Ga shi manne da jikin mutum, wanda ɗuminsa ya kai digiri 37. Ga fitilun ɗakin taro, ga fanka ko na'urar sanyaya ɗaki tana hura busasshiyar iska.

Bayan ƙishirwa akwai yunwa. Fure da aka yanke yana nan da rai, yana numfashi, yana ƙona ɗan sukarin da ya tara a jikinsa. Masana ajiyar kayan gona sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku. Mu ɗauki ninki biyu kawai. Daga digiri 2 zuwa 32 hawa uku ne, wato ninki takwas. Ke nan wuni guda a ɗaki mai zafin digiri 32 ya cinye wa furen abin da zai ishe shi fiye da mako a ɗakin sanyi. Wannan ne ya sa wardin da aka yanka a gefen tafkin Naivasha na Kenya aka ɗauke shi cikin sanyi yake isa kasuwar Aalsmeer ta ƙasar Holan garau, amma wanda aka ɗauko daga Jos aka jefa a but ɗin mota yana iya isa Kano ya riga ya sunkuyar da kai.

Turawa, waɗanda su suka yaɗa al'adar soka fure a kwalar kwat, sun yi ta fama da matsalar ruwan ta hanyarsu. Idan ka juya kwalar hagu ta kwat mai kyakkyawan ɗinki, ƙasa kaɗan da ramin maɓallin nan da ba a ɓalla komai a cikinsa, za ka ga wani ɗan zare a gicciye. Aikinsa riƙe karan fure kada ya yi ta lilo. A ƙarni na 19 har 'yar mitsitsiyar kwalba ta azurfa ko gilashi ake yi, a zuba mata ɗigon ruwa a ɓoye ta bayan kwala. Joseph Chamberlain, sakataren harkokin mulkin mallaka na Ingila daga 1895 zuwa 1903, wato shekarun da aka ci ƙasar Hausa da yaƙi, da wuya a ga hotonsa ba furen okid a ƙirji. Jawaharlal Nehru na Indiya shi kuma jan wardi ne. Amma mutane irin waɗannan sabo ake kawo musu, su sa na wuni guda su yar. Mai biki da ya biya kuɗin fure goma sha biyu na abokan ango, aka kawo masa ana gobe dina, shi ne ke bukatar sanin aikin.

Aikin kuwa yana farawa tun kafin a haɗa furen. Da zarar an yanke kara, iska na shiga 'yan hanyoyin da ruwa ke bi a cikinsa, ta toshe su. Idan aka tsoma shi a ruwa mara tsabta, ƙwayoyin cuta su taru a bakin yankan su ƙarasa toshewar. Don haka masu sana'ar ke sake yanke gindin da wuƙa mai kaifi, a karkace, su cire duk ganyen da zai nutse, su tsoma nan take a bokiti wankakke. Almakashi dakusasshe murƙushe karan yake yi, ba yanka ba. Sai a bar furen ya sha na tsawon sa'o'i, in da hali ya kwana, a wuri mai sanyi da duhu. Ana sayar da garin da ake zubawa a ruwan, kuma abu uku ne a ciki: sukari don ci, ɗan tsami don ruwan ya fi saurin hawa, da abin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda bai samu ba zai iya haɗa nasa: lita ɗaya ta ruwa, babban cokali 2 na ruwan lemun tsami, babban cokali 1 na sukari, da kwatan ƙaramin cokali na bilic ɗin wanki. Kowanne cikin ruwan za a zuba shi, kada a haɗa bilic da lemun su kaɗai, don iskar da suke fitarwa tana da illa. Furen da ya ƙoshi za ka ji shi a yatsa: ka ɗan matsa gindin wardin, in ya yi tauri ya sha, in ya lotsa bai sha ba ko kuwa ya tsufa. Wanda aka ɗaure da ƙishirwa babu firjin da zai cece shi.

Sai bayan nan a gajarta karan ya rage kamar gaɓar yatsa biyu, a soka siririyar waya ta gindin furen a lanƙwaso ta ƙasa, a naɗe da tef ɗin masu fure. Tef ne na takarda mai kakin zuma ko makamancinsa, ba ya mannewa sai an ja shi, kuma amfaninsa ya wuce kwalliya, don yana rufe bakin yankan ya rage tsiyayar ruwa. Wasu kan sa ɗan ƙullin auduga mai laima a bakin karan kafin su naɗe. Abin da ya rage shi ne a kwantar da abin da aka haɗa cikin roba mai murfi, a shimfiɗa tishu mai danshi a ƙasa, a rufe. Danshi ake so, ba jiƙa ba. Ɗakunan ajiyar fure na 'yan kasuwa suna riƙe laimar iska a kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari, kuma robar nan ƙaramin kwaikwayonsu ce. Amma idan ruwa ya kwanta ɗigo-ɗigo a kan furen ya kwana, fumfuna mai launin toka za ta kama shi, farin wardi ya wayi gari da tabo ruwan ƙasa.

Yanzu a zo ga firji, inda akasarin ɓarna ke faruwa da kyakkyawar niyya. Wardi da kaneshan suna son digiri 2 zuwa 4. Firjin gida yana kusa da haka, sai dai iskarsa busasshiya ce, don haka furen da aka ajiye a buɗe zai yanƙwane ko da yana cikin sanyi. Bangon baya kuma yakan daskarar da abin da ya taɓa shi, kuma fure in ya daskare ya narke sai ya koma kamar dafaffen alayyafo. A sa robar a tsakiya ko a ƙasa, can gaba, nesa da firiza. Furannin ƙasashe masu zafi kuwa, irin su yawancin okid da anturiyam, sanyin firji cutar da su yake yi. Ƙasa da digiri 10 sukan yi baƙi-baƙi ko su yi ruwa-ruwa, don haka su ɗaki mai sanyi ya fi musu. Yasmin ya ɗan fi haƙuri: matan Indiya kan naɗe shi a ƙyalle mai laima su sa a roba su ajiye a ƙasan firji, ya kwana bai buɗe ba.

Babbar matsalar firjin gida ita ce maƙwabta. Tumatir, ayaba, mangwaro, tuffa, duk suna fitar da wata iska da hanci ba ya kamawa, sunanta etilin, wadda ita ce saƙon da tsiro ke aika wa kansa cewa lokacin nuna ko tsufa ya yi. Tarihin gano ta ma da fure yake da alaƙa. A 1901 wani ɗalibi a birnin Sen Pitasbag na Rasha, Dimitry Neljubow, ya lura tsiron fis, waken nan na Turawa, a ɗakin bincikensu a kwance yake girma maimakon a miƙe, ya bi diddigi har ya gano etilin ce da ke cikin iskar gas ta fitilun zamanin. A 1908 William Crocker da Lee Knight na Jami'ar Chicago suka nuna cewa wannan iskar ce ke sa furen kaneshan ya rufe ya ƙi sake buɗewa, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba ya isa. A 1934 Richard Gane ya tabbatar a Ingila cewa tuffa da kanta take fitar da ita. Masu sayar da ayaba da ke nunar da ita da kabayid wannan hanyar suke bi, don iskar da kabayid ke fitarwa 'yar uwar etilin ce, tsiro ba ya bambance su sosai. Manyan gonaki suna da rigakafi, wani ruwa mai sinadarin azurfa da aka fara amfani da shi a Holan a ƙarshen shekarun 1970, da wata iska da ake kira 1-MCP da Edward Sisler da Sylvia Blankenship suka samar a Amurka a shekarun 1990. Mai saye a shago ba shi da ikon sanin ko an yi wa furensa ko ba a yi ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya kwashe kayan marmari daga firjin tun ana jibi, ko ya nemi wani firjin.

Ba 'ya'yan itace kaɗai ke fitar da etilin ba. Duk abin da ke ci da wuta bai ƙone sarai ba yana fitar da ita: hayaƙin mota, na janareta, na taba, na risho. A nan ne gidan biki irin namu ya zama wurin haɗari ga fure. Ɗakin amarya shi ne ɗakin da ya fi kowane hayaƙi a gidan, kasko na ci tun safe, turaren wuta na tashi ana tsuguna shi ana turara kaya. Ba wanda zai ce a kashe kasko saboda fure, kuma bai kamata ba. Mu adonmu na asali lalle ne da humra da turare, fure baƙo ne da ya shigo tare da dina da kwat. Sai dai baƙon a ba shi masauki daban, a ɗakin da ba a kunna komai, kuma ba ta gefen da janareta ke huci ba.

Idan babu wutar da za a dogara da ita, kada a sa rai da firji, don wanda aka ɗauke wa wuta tsakar dare ya zama akwatin ɗumi kafin azahar. Kula ta fi shi amana. A sa ƙanƙara a ƙasa cikin leda, a shimfiɗa tawul ko kwali a kai, sannan a ɗora robar furen, yadda sanyi zai iso ba tare da ƙanƙarar ta taɓa ta ba. Inda ƙanƙara ma ta yi wuya, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, wadda ta ciyo masa lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a baki. Sanyinta bai kai na firji ba, amma tana haɗa sanyi da danshi, kuma ta fi aiki da bazara da hunturu lokacin da iska ta bushe. Ga okid da yasmin, waɗanda dama ba sa son tsananin sanyi, ni ina ganin ta ma fi dacewa. Sai a tabbata ba tukunyar da ake ajiye tumatir ba ce.

Hunturu yana ruɗar mutane. Ana ganin gari da sanyi sai a ce fure zai yi ƙarko, alhali iskar da ke tsattsage leɓe da diddige ita ce ke shanye shi cikin sa'a biyu. Da hunturu rufi ya fi sanyi muhimmanci. Da bazara kuwa, sa'ad da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, duka biyun ake bukata, kuma a zaɓi fure mai taurin rai. Kaneshan da kirisantimam da okid irin na Tailan suna jure sa'o'i ba ruwa. Wardi matsakaici ne, ƙarami da bai gama buɗewa ba ya fi babba. Gadeniya, farin furen nan da mawaƙiyar Amurka Billie Holiday ta yi suna da sa shi a gashi, kyakkyawa ne mai ƙamshi, amma duk inda yatsa ya taɓa sai wurin ya rine, har masu sana'ar sukan jiƙa hannu kafin su ɗauke shi. A bikin da za a gaisa da mutum ɗari uku, ban ga hujjar sayensa ba.

Ranar taro kuma tarbiyyar hannu ce. A riƙe furen ta kara, ba ta kai ba. A gama wanka da shiri da fesa turare, a bari ya bushe, sannan a maƙala, don sinadarin da ke cikin turaren feshi yana ƙona farin fure ya bar masa ɗigo-ɗigo. Masu cewa a fesa masa man feshin gashi don ya tsaya ba su taimake shi ba. Akwai feshi na musamman da masu fure ke yi masa tun a shago, mai rage fitar ruwa, wannan daban ne. Okid yana da wani rauni da ba kowa ya sani ba: a tsakiyarsa akwai 'yar hula da ta rufe garin haihuwarsa, in ta ɓalle furen yakan ɗauka an yi masa barbara, ya fara fitar da etilin da kansa, ya yi yaushi da wuri. Runguma ɗaya mai ƙarfi daga abokin da aka daɗe ba a gani ba ta isa, haka ma bel ɗin mota da ya bi ta kansa. Saboda haka a bar shi a roba har a iso ƙofar wurin taro. Fil kuma ta bayan kwala ake sokawa, ya ratsa karan ya koma cikin yadin, kan furen na kallon sama. A kwat da kaftani yana zama. A babbar riga mai aska kuwa, aikin zaren ya riga ya cika ƙirjin, fure a kai ƙari ne da ba a nema ba.

Saura lissafin lokaci, wanda a wajenmu yana da nasa sarƙaƙiya. Kati zai ce ƙarfe 7, kowa ya san ango da amarya ba za su shigo ba sai goma ta gota. Wanda ya maƙala fure ƙarfe 5 saboda ɗaukar hoto, ya ƙone masa sa'o'i biyar kafin a fara abin da aka saye shi dominsa, kuma wardi mai waya in ya langaɓe ba a tashinsa, tunda ba karan da zai sake shan ruwa. Hanyar da ta fi ita ce a yi wa ango da amarya biyu-biyu, ɗaya na hoto ɗaya na shiga, a tambayi mai shago ranar da aka yanko furen, a ce ya haɗa shi ana gobe ko da safiyar ranar, kuma a zaɓi wanda bai gama buɗewa ba don ya ƙarasa a jiki. Na biyun ya zauna a kula, a kujerar baya inda sanyin mota ke kaiwa, a hannun mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakinsa, ba a but ba.